Faifan Muntaka da Hannun Sagiru

Kai mai karatu, kada ka gyara zama kamar za a ba ka labarin mutanen wata duniya. Da kai aka yi. In ba a ƙofar dagacin Tsamiyar Barde ka tsaya ba, ka tsaya a wata ƙofar irinta. Ka ga an ɗaure mutum, ka ji ana ihun ɓarawo, zuciyarka ta raɗa maka cewa akwai abin da bai yi daidai ba, sai ka sunkuyar da kai ka ce ba ruwanka. Mu da aka ɓata wa alli da tawada a makaranta mun fi kowa laifi, don an koya mana yin tambaya, muka ƙi yi. To ga abin da shirunka ya jawo a wani ƙauye kusa da Kiyawa, a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a.

Shekara biyu famfon tuƙa-tuƙa na garin yana mace. Mai hali ya sayi jarka wajen 'yan ga-ruwan Alhaji Ɗanmusa, wanda ke da rijiya mai murfi a cikin gidansa, kuma shi ne shugaban kwamitin famfon. Marar hali ya sha kududdufi, kurkunu ya kwantar da shi daidai lokacin noma. Ba wanda ya ga abin mamaki a ce mai sayar da ruwa shi ke kula da famfo. Sagiru maƙeri ne ya gaji da ganin 'yarsa tana jan ƙafa. Ya tara maza suka zaro bututun famfon ɗaya bayan ɗaya, har suka fito da silindar tagulla da ke can ƙasa, wadda ita ce ke jawo ruwan. Ya duba ya ce fatar cikinta ce kawai ta cinye, zai yanka sabuwa. Aka ajiye silindar a siton kwamiti, tsakanin gidan dagaci da gidan Alhaji, aka sa kwaɗo.

Ranar Talata da safe aka tarar da kwaɗon a ɓalle, siton wayam. Baba Isah mai gadi yana kwance a bakin ƙofa, jini ya bushe masa a ƙeya, yana numfashi amma ba ya magana. Aka ɗora shi a mota sai asibiti, aka aika a kira Ɗayyabu mai bin sawu.

Ɗayyabu ya haura sittin, kuma bin sawu gadon gidansu ne. Ya taɓa bin ɓarayin shanu tun daga bayan gari har kasuwar Ringim. A da, in ya kai sawu ƙofar mutum, iyakaci a yi bulala, a mayar da kaya, a ji kunya. Amma bana kowa ya ji a rediyo cewa a wata jiha an cire wa wani hannu. Tun daga ranar, duk lokacin da aka aiko kiransa sai ya fita ba da son ransa ba.

An yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. A bayan siton, gefen gonar geron dagaci, ya ga sawu fes: takalmin taya, dunduniyar hagu da tsaguwa. Ya ciro sakaina daga jakarsa ya kife a kai. Haka mahaifinsa ya koya masa, sawun farko mai kyau ana rufe shi, ko da za a buƙaci dawowa a sake tambayar ƙasa. Ya so ya tsuguna ya ƙara dubawa, amma jama'a sun cika bayansa suna tura shi.

"Baba, ka yi sauri mana! Sai ɓarawon ya isa Kano?"

Ya bi sawun ta gefen kunya, ya ratsa lungu, mutane na take duk abin da ya wuce. Sawun ya ƙare a bakin maƙerar Sagiru, inda gawayi da kashin ƙarfe suka mai da ƙasa kamar dutse.

"Sawu ya tsaya nan," in ji Ɗayyabu.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Jama'a suka ƙarasa masa sauran.

Sagiru ya fito da awartaki a hannu, ƙaton mutum, ƙafa ba takalmi. "Ni da na ciro ta? In da sata zan yi, sai in kawo muku ita ku sa wa kwaɗo?"

"Wa ya san darajarta in ba kai ba?" wani ya ce daga baya. "Ina takalminka mai tsagaggiyar dunduniya?"

"Ya ɓata."

Aka fashe da dariya, mari ya sauka. Kafin a ƙifta ido an kayar da shi, an ɗaure hannayensa ta baya da igiyar guga.

Alhaji Ɗanmusa ne ya ratsa taron, gajere, fes da shi cikin farar riga, yana ɗaga carbi. "Kada a ƙara taɓa shi! Yanzu zamanin hujja ne. Akwai wani mai gyaran rediyo a Dutse, yana da na'ura mai jin ƙarfe a cikin ƙasa. Ni da kaina zan ɗauko shi a babur."

Kowa ya ce Allah ya yi wa Alhaji albarka.

Bayan azahar suka iso. Muntaka sunan mai gyaran rediyon, siriri, ɗan shekara talatin, da tabarau ɗaure da zare. Na'urar tasa sanda ce, a ƙasanta ɗan ƙaramin faifai da aka naɗa wa waya a baki, a samanta akwatin tsohuwar rediyo. Da ya kunna sai ta fara wani kuka mai tsayi, ba hawa ba sauka. Dagaci ya sa aka kawo tasar tagulla daga cikin gida don gwaji. Muntaka ya kai faifan kanta, kukan ya yi sama, siriri kamar na shirwa. Mata a bayan katanga suka yi salati.

"A fara da gidana," in ji Alhaji. "Shugaba shi ke fara wanke kansa."

Aka shiga. Muntaka ya bi tsakar gida, bakin rijiya, gindin rumbu, har turken raguna biyu da Alhaji ke kiwatawa, waɗanda ke ɗaure a tsakiyar rana suna haki. Kukan na'ura bai motsa ba. Aka yi kabbara. Aka duba gidan dagaci, shi ma haka.

A maƙera aka fitar da kayan aiki, Muntaka ya bi ƙasa da faifan. Kusa da zugazugi sai na'urar ta yi gurnani, kukan ya faɗi ƙasa kamar nishin sa.

"Ta ji! Ta ji!"

Aka tona, aka fito da dunƙulen narkakken ƙarfe guda uku, baƙi ƙirin. "Ya narkar da ita," in ji Alhaji a hankali, kamar mai jin ciwon faɗa. Mutum ɗari biyu, har da malaman firamare biyu, ba wanda ya zaro wuƙa ya kankare dunƙulen ya ga launinsa. Dagaci ya zuba su a buhu ya ɗaure, ya sa aka kulle Sagiru a ɗakin zaure. Ranar Alhamis da safe mota za ta kai shi gaban alƙali.

Ɗayyabu ya dubi Muntaka. Mai na'urar yana naɗe wayarsa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Washegari da sassafe Mu'minatu, matar Sagiru, ta zo ta durƙusa a ƙofar Ɗayyabu, 'yarta a gefe da ƙafa ɗaure da tsumma.

"Baba, kai ka kai su gidanmu."

"Sawu ne ya kai ni, 'yata."

"Takalmin tun ranar Juma'a ya ɓata a ƙofar masallaci. Ƙafa ba komai ya dawo, har na yi masa tsiya na ce wa zai saci kwale-kwale. Baba, wannan takalmi ko jariri ka kwantar a ciki zai yi barci." Ta so ta yi dariya, kuka ya ƙwace. "Jiya da na kai masa kunu na ji 'yan ga-ruwan Alhaji suna lallashinsa ta taga. Wai in ya amsa laifi a gaban dagaci, a gida za a kashe maganar. Ya ce mini ya gaji, hannunsa na dama ya daina jin komai. Ya ce gobe zai amsa."

Ɗayyabu ya dube ta. Ya san abin da ita ba ta sani ba. In mutum ya amsa da bakinsa a gaban shaidu, maganar ba ta tsayawa a zaure. Sata daga wuri mai kwaɗo, ga mai gadi a kwance, ga iƙirari. Wannan hannun da ke ƙera wa garin fartanya, shi Ɗayyabu ne ya nuna shi da kalma huɗu.

"Koma ki gaya masa ya rufe bakinsa, ko me za su ce. Ki ce in ji ni."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi bayan sito. Sakainar na nan a kife. Ya tsuguna ya ɗaga ta.

Yanzu da babu mai tura shi, ƙasa ta yi masa bayani. Gaban takalmin ya nutse, bayansa kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa, kamar babu dunduniya a kai. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi, tana damƙe shi da yatsu kada ya zame. Kuma sawun bai yi zurfi ba. Ɗayyabu ya taka kusa da shi ya gwada, nasa ma ya fi nutsewa. Silindar nan mai nauyi, wanda ya yi wannan sawu ba ya ɗauke da ita. Ba ya ɗauke da komai sai niyyar a bi shi.

Ya zauna daɓas a kan kunya. Shekara arba'in yana bin sawu, ga shi an ja shi da igiya kamar akuya.

To amma na'urar fa? Ita ma ta nuna maƙera. Ya rufe ido, ya dawo da kukan a kunnensa, kunnen da ke rarrabe kukan fakara da na zabo daga nesa. A kan tasa sama ta yi. A maƙera ƙasa ta yi. Ya tuna mai tabarau yana naɗe jar waya yana kauce wa idon mutane. Mai harka da jan ƙarfe, wa zai fi shi son tagulla?

Ya tari mota zuwa Dutse.

Shagon Muntaka yana wani lungu a Limawa, cike da matattun rediyo har rufi. Da ya ga tsohon, sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Baba, sannu da zuwa. Rediyo ne ya lalace?"

"Ko kunnena ne ya lalace, ko na'urarka. Na zo ka gaya mini wanne ne." Ɗayyabu ya nuna tarin jar waya a kan benci da sandarsa. "Wannan daga ina? Kai da wa kuka raba silindar?"

"Wallahi tallahi, Baba, daga tsohuwar fanka na warware ta! Ga gawar fankar can."

"To me ya sa abinka ya yi kuka iri biyu?"

Muntaka ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya leƙa waje, ya jawo ƙofa. Sannan ya ɗauko faifan ya ɗora a gwiwarsa.

"Ka ga wayar nan? Zagaye ashirin da biyar na yi mata. In wutar batir ta bi ta ciki, sai ta yi wani maganaɗisu kewaye da faifan, ido ba ya ganinsa. Yawan zagayen da faɗin faifan su ke yanke ƙarfinsa. A makarantar koyon sana'a indoktans muke ce masa, ni ƙarfin naɗi nake kiransa. Kukan da kake ji, wannan ƙarfin ne ke riƙe da shi wuri ɗaya. In baƙin ƙarfe ya matso, ƙara masa yake yi, sai kukan ya faɗi. In tagulla ce, rage masa take yi, sai kukan ya hau."

"A maƙera faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa ya yi."

"Ke nan kashin ƙarfe ne aka tono. Kuma ka sani."

"Na sani." Muntaka ya ajiye faifan. "Baba, ka ga idanunsu kuwa? Na buɗe baki sau biyu. Ni baƙo ne, ba uwa ba uba a garin. Da na ce ba tagulla ba ce, da sun ce bakinmu ɗaya da maƙerin, su haɗa mu a igiya guda. Tun jiya ko waya ban iya liƙawa ba."

Ɗayyabu bai zage shi ba. Da wane baki? Ya ce, "Gidajen da ta yi shiru fa? Shirunta gaskiya ne?"

"Gwargwado. Faifai yana ganin zurfi ne daidai faɗinsa. Wannan ƙarami ne, na neman mabuɗi da zobe a cikin yashi. Taƙi ɗaya yake gani, ko ɗan fiye. Abin da ya wuce nan, ko jirgin ƙasa ka binne ba zai ce uffan ba."

"Wa ka taɓa gaya wa haka?"

Muntaka ya dafe goshi.

"Alhaji. Makon jiya ya kawo gyaran rediyo, ya ga na'urar. Sau biyu ya tambaye ni iya zurfin da take gani. Na ɗauka sha'awa ce. Jiya da ya zo ɗaukata na ce ya bari in naɗa faifai mai faɗi, tunda babban abu ake nema. Ya ce babu lokaci, wannan ma ya isa."

Gajeren mutum. Ƙaramar ƙafa. Mai rijiya. Alhaji Ɗanmusa ne ke zama dama da dagaci, shi ya yi wa masallaci rufin kwano. In Ɗayyabu ya nuna shi aka tona ba a sami komai ba, ko gawarsa ba za ta kwana a garin ba. Kuma gidan babba ne, ina za a tona?

Sai ragunan suka faɗo masa a rai. Raguna biyu na kiwo, ɗaure a tsakiyar rana suna haki, ga inuwar darbejiya taku biyar daga wurin, ga ramin tsohon turke a gindinta bai ko cike ba. Wane mai kiwo ne zai cire ragon da yake so ya yi ƙiba daga inuwa ya kai shi rana? Sai wanda yake so kofato da kashin tumaki su shafe masa sabuwar ƙasa.

"Naɗa mai faɗin," in ji shi. "Yanzu."

Muntaka ya shiga cikin gida ya fito da babban faifan bakace na matarsa, faɗinsa ya fi kamu, muryarta na biye da shi tana tambayar da me za ta gyara tsakinta. Ya fara naɗa waya yana ƙirga.

"Ka sa da yawa," in ji Ɗayyabu. "Ya ji da kyau."

"Nan mutane ke kuskure, Baba. Faɗin da kansa ƙara ƙarfin naɗi yake yi. In na yi masa ashirin da biyar kamar ƙaramin, ƙarfin zai zarce, kukan ya sauka inda rediyon ba ya kamawa. Sai ka sami ƙatuwar na'ura kurma."

Ya tsaya a goma sha bakwai, ya haɗa, ya kunna. Shiru. Ya murɗa nan, ya murɗa can, shiru. Muntaka ya ciji leɓe, ya warware zagaye ɗaya tak, ya sake haɗawa. Kukan ya fito, tsayayye, ba hawa ba sauka.

"Sai ka koya mini riƙe ta," in ji Muntaka, bai ɗago ba. "A'a, ni in koya maka nake nufi. Ka tafi da ita. Ina tsoro, Baba."

"Ni ma. Tun Talata tuwo bai zauna mini a ciki ba. Amma ni sawu na sani, kai ka san wannan. Ɗauko jakarka, a gidana za ka kwana."

Ranar Alhamis da hantsi a-kori-kura na tsaye a ƙofar dagaci, garin duka ya hallara. An fito da Sagiru, fuska a kumbure, hannaye har yanzu a baya. Alhaji na zaune a dama da dagaci, 'yan ga-ruwansa biyu a tsaye a matsayin shaidu.

"Sagiru," in ji dagaci, "an ce kana da magana kafin a tafi."

Sagiru ya buɗe baki. Ɗayyabu ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, ni ke da magana. Na yi kuskure."

Ba a taɓa jin wannan kalma daga gidan masu bin sawu ba. Ɗayyabu ya dogara da sanda ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin sakaina: takalmin Sagiru ne, ƙafar ba tasa ba ce, kuma babu kaya a kan mai tafiyar.

"Tsufa ne," in ji Alhaji da murmushi. "Allah ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Ai ba da sawu muka kama shi ba, da na'ura ne."

"To ga na'urar, Alhaji. Ranka ya daɗe, a kawo tasar nan, da fartanya, da buhun da aka ɗaure."

Muntaka ya fito daga bayan taro, babban faifan na rawa a ƙarshen sanda. Wani ya ce yau kuma bakace za a yi mana, aka ɗan yi dariya. Ya kai faifan kan tasa, kukan ya hau. Ya kai kan fartanya, ya faɗi. Ya maimaita har sau uku, sai da yara suka fara kwaikwayo da baki. Sannan ya kai shi kan buhun. Kukan ya faɗi, daidai irin na fartanya.

Ɗayyabu ya zaro wuƙarsa ya kankare dunƙule ɗaya ya miƙa wa dagaci. Toka-toka ne ciki da waje, babu ɗigon ja.

"Tun ranar Talata na san haka," in ji Muntaka. "Tsoro ya hana ni faɗa. Ku yafe mini. Kuma wancan faifan taƙi ɗaya kawai yake gani. Gidajen da na ce babu komai, ban sani ba. Wannan yana ganin fiye da kamu."

"Sai a sake dubawa," in ji Ɗayyabu. "A fara inda aka fara."

Alhaji ya miƙe. "An duba gidana a gaban kowa! Sau nawa za a shiga wa iyalina? Ranka ya daɗe, wannan cin mutunci ne."

Dagaci ya dubi dunƙulen da ke hannunsa, ya dubi maƙwabcinsa na shekara talatin. "Kai ka ce shugaba ke fara wanke kansa, Alhaji. Mu je."

A tsakar gidan Muntaka ya nufi bakin rijiya, Ɗayyabu ya riƙo hannun rigarsa. "A kwance ragunan nan."

Aka janye su, suka ruga inuwar darbejiya da kansu. Muntaka ya sauke faifan a hankali kan ƙasar da kofato ya daddaɓe. Kukan bai motsa ba. Ya matsa taku ɗaya. Shiru dai, sai kukan nan mai tsayi. Ɗayyabu ya ji jama'a sun fara gunaguni a bayansa, ya fara karanta abin da ya zo masa. Muntaka ya kai faifan daidai gindin turken.

Kukan ya ɗaga kaɗan, kamar zare. Ya janye, ya koma daidai. Ya mayar, ya sake hawa, siriri, can sama.

"Sama ta yi!" wata tsohuwa ta ce daga bayan zana. "Wallahi sama ta yi!"

Aka tumɓuke turken aka sa diga. Taƙi ɗaya, ba komai. Taƙi biyu, ƙasa sai ƙara laushi take. Da aka wuce kamu, diga ta bugi buhu. A ciki ga silindar tana sheƙi, ga takalmin taya guda biyu manya, dunduniyar hagu a tsage.

Alhaji ya zauna a ƙasa cikin kashin tumaki da farar rigarsa. Bai yi musu ba. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne bai yi nufin ya ji wa Baba Isah ciwo haka ba, tsohon ne ya farka. Bai ma yi niyyar sayar da silindar ba. So yake ta kwanta a nan, famfo ya ci gaba da mutuwa, wanda ya iya gyaransa kuma ya bar garin, ko da hannu ko babu.

Ka san abin da jama'a suka yi? Bakunan nan da suka yi wa Sagiru ihu ranar Talata, su ne suka juya. "A yanke! A ɗaure shi!" Har wani ya ruga neman igiya. Ɗayyabu ya gitta sandarsa a gaban Alhaji.

"Ba wanda zai ƙara ɗaure kowa a garin nan! Ga mota, ga dagaci, ga alƙali can. Wanda ke neman igiya, ga wata can a hannun Sagiru, tun Talata ba wanda ya tuna ya kwance ta."

Sai a lokacin aka tuna. Mu'minatu ce ta yanke ta da wuƙar Ɗayyabu, don ƙullin ya nutse cikin nama.

Baba Isah ya tashi bayan kwana tara. Maganar Alhaji ta tafi inda ya kamata ta tafi tun farko, gaban masu bincike da shaidu. Sagiru ya yanka sabuwar fata, aka mayar da silindar, ruwa ya fito ranar wata Asabar, 'yarsa ce ta fara tara kwano. Amma yatsu biyu na hannunsa na dama ba su ƙara motsi ba. Da uku yake riƙe masaɓa har yau, kuma in ya buga sau goma sai ya ajiye ya huta. Ba alƙali ne ya karɓi yatsun nan ba. Shari'a hujja take nema, kuma in shakka ta shigo tana janye wuƙa. Igiyar gugarmu ce ta cinye su, cikin kwana biyu, muna wucewa ta ƙofar zauren muna zuwa masallaci muna dawowa.

Kada ka rufe wannan takarda ka ce Allah sarki. Sagiru ba ya buƙatar tausayinka. Tashi ka je ka ga famfon unguwarku, ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗinsa, da abin da yake samu in ya mutu. Ranar da kuma ka ji ihun ɓarawo, kada ka tsaya a baya kana leƙe. Ratsa ka shiga gaba, ko gwiwarka na rawa. Ka tambayi wa ya gani, me ya gani, abin da aka auna da shi iya ina yake gani. Ka zaro wuƙa ka kankare dunƙulen. In an riga an ɗaure mutum, ka kwance shi da hannunka tun yatsunsa na motsi.